Matar da Ta Ba Teku Baya

Mu masu fatsa a duwatsun bakin tekun nan doka ɗaya gare mu: ba a ba ruwa baya. Ita kuwa ga ta durƙushe, ƙeyarta ke kallon teku.

Siririya ce, rana ta saluɓe mata hanci, gwiwar wandonta ta yi kore. Ta kafa kyamara a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ta saita ta ƙasa. Gansakukar da ke manne a dutse take aunawa, wadda ido bai cika gani ba. Yatsanta na kan maɓalli, idonta na sama, don gajimare ya tare rana.

"Baiwar Allah, ruwa na cikowa!" na ƙwala mata.

"Na ji, Baba. Haske nake jira. In na ɗauka a inuwa, aikin wata shida ya tashi a banza."

Ina jin wanda ya turo ta yana can ofis, bai taɓa ganin an tsamo gawa a nan ba. Ni na ga uku.

Igiyar ruwa ta lashi diddigenta, ta koma. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na ajiye fatsata, na je bayanta na tsaya, ina kallon teku a madadinta.