Ranar da Na Ƙi Buɗe wa Yaya Habu Mashigi

Ranar Laraba ce, sati na biyu da fara babban hutu, shekarar da na gama aji biyar a lekol, wato makarantar boko. Ana idar da la'asar Yaya Habu ya shimfiɗa taswirarsa kan tabarma, ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na unguwar Chagoua, ya dube ni ya ce, "Dije, zo bayan randa." Na san abin da zai nema tun kafin in miƙe.

Wasan nan a gwanjo ya sayo shi, kwali guda da taswirar ƙasashen Turawa. Rabin 'ya'yan wasan sun ɓace, muka cike da murfin kwalba da ƙwallon dabino. Ba a jefa komai kamar a lido, sa'a ba ta da gurbi a ciki. Kowa da garuruwansa da dakarunsa, kuma ba ka iya ture mutum daga gari sai wani ya tallafa maka. Shi ya sa kafin kowane zagaye ake watsewa bibbiyu, wasu bayan randa, wasu wajen turken awaki, a yi ta ƙus-ƙus ana rantse-rantse. Sannan kowa ya rubuta abin da zai yi a 'yar takarda, a zuba cikin hular Yaya Habu, a buɗe lokaci guda. A nan ake gane wanda ya yi wa wani daɗin baki. Wanda ya mallaki fiye da rabin garuruwa shi ya ci.

Mutum bakwai wasan yake so, mazan unguwar kuwa biyar ne, dole ta sa aka ba mu wuri ni da Ashta, 'yar maƙwabtanmu da babanta ke aiki a mayankar Farcha. Ban taɓa samun abu mai daɗin wannan zama ba. Da gudu nake ɗebo ruwa a famfo, in yi wanke-wanke, in surfa gero hannuna na zogi, don kada a fara babu ni. Cikin kwana tara Yaya Habu ya cinye mutum huɗu, kowanne sai da ya rungume shi kafin ya kayar da shi. Gari ɗaya ya rage masa ya ci wasan, shi ne mashigin teku da Ashta ta tsare da murfin kwalba guda. Ni kuma ƙwallon dabino biyu suka rage mini a bayanta. Muddin ina tallafa mata, duk yawan dakarunsa ba su da ta inda za su shiga. Tun ranar farko muka ƙulla haka, ta riƙe hannuna ta ce da Larabcinta, "Kalam wahid," wato magana ɗaya.

To a gidanmu ƙarami ba ya ce wa babba a'a. Shi ke fara ɗaukar nama a kwano, shi ke fara wanka, haka ma a wasa, in babba ya kusa ci sai ƙanensa ya kauce masa, a kira shi na biyu, kowa ya tashi lafiya. Yaya Habu bai ma ɗauka roƙo yake yi ba. A bayan randar ya ce, "Janye hannunki daga Ashta zagaye ɗaya kawai, ke ce ta biyu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. In kin ƙi, kin gama zama kan tabarmar nan."

Na ji tsoro ƙwarai, kuma ina son tabarmar nan kamar raina. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Sauran huɗun da wayonsa ya ci su, ni kuwa da girma yake so ya ci ni. Na koma na rubuta, "Na tallafi Ashta." Shi ya karanta da bakinsa, ya ɗago ya zuba mini ido, na zuba masa nawa. Zagaye na gaba na sake rubuta haka. Kwana uku ban canza ko harafi ba. Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya kai Ashta wajen awaki ya ce ta juya ta cinye ni, ta dawo tana dariya. Inna ma daga madafa ta sa baki, "Wannan taurin kai naki, Dije, a ina kika samo shi? Ki bar wa yayanki mana." Na ce, "Inna, in ya iya ya ci." Na sha rankwashi a kan wannan magana.

Ranar Juma'a ya tattara kwalinsa, ya ce an tashi babu wanda ya ci. Ya kuma cika alkawarinsa, karo na farko tun da aka fara wasan: ban sake zama kan tabarmar ba. Wani yaro daga unguwar Goudji aka samo ya maye gurbina. Ina surfe ina jin ƙus-ƙus ɗinsu bayan randa, na yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ban je na durƙusa ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke irin wannan wasa, da mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Su yi alkawari da yatsa, su karya da yatsa, ba wanda za su haɗu da shi gobe a bakin famfo. Ashta ta yi aure can kudu, mun daɗe ba mu ji juna ba, ina kewarta. Yaya Habu ya yi furfura, duk sallah sai ya ce wa jikokinsa shi ya ci wasan nan, saura gari ɗaya. Ni kuwa har yau ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.