Saurin Yatsan Baba

Tun da Waliyyu ya dawo daga karatun lantarki yake shakkar ko a nan Aliero akwai mai damuwa da abin da ya koyo. Yau ga shi a tasha, yana kallon wata mata zaune a benci. Ta naɗe hannun hijabinta, ƙaramin allon lantarki na kan cinyarta, waya ta haɗa shi da tsohuwar kwamfuta. Akwai lalle a yatsunta, akwai kuma tabon ƙunar dalma. Wataƙila ɗaliba ce, wataƙila malama.

Duk ɗan dakon da ya gifta sai ta tsayar da shi.

"Malam, taɓa mini wanga maɓalli. Da sauri, kamar mai jin haushi."

Ɗan dakon ya taɓa, fitilar allon ba ta kama ba. Ya tambaye ta amfanin abin.

Ta ce aikin na'urar shi ne kashe injin ban-ruwan mahaifinta a Jiga Makera. Sau ɗaya na'urar take leƙa maɓallin a daƙiƙa, tsohon kuwa dangwalawa yake ya wuce, injin ya ci gaba da aiki. Sau biyu ruwa yana shanye fangalin irin albasarsa, na uku zai ruɓar da shi. Yanzu tana saita agogon ciki ya riƙa katse wa na'urar aiki sau ɗari biyu a daƙiƙa, ta duba maɓallin.

Wani ɗan dakon ya dangwala. Fitila ta kama.

Waliyyu ya matso. "Malama, mi ya hana ki ce ma Baba ya riƙa dannawa ya daɗe?"

Ba ta ɗago ba. "Na hwaɗa mishi. Ya ce shi ya sayi injin, ba injin ya saye shi ba."