Gidanmu Bai Shiga Shafi Ba

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Surukina ya ɗan taɓa nasa rabon, amma babban kaso nawa ne. Kwamfuta kuwa, baiwar Allah, abin da aka ce mata shi ta yi.

Ni mutumin aji huɗu ne. A nan na ajiye boko, don na lura malaminmu ya fara maimaita kansa. Da wannan ilimi na yi shekara da shekaru ina rubuta allunan shaguna a Batsari, ina zana bayan motocin katako. In ka taɓa bin wata babbar mota ka ga zaki yana kallon ka da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, aikina ne, kuma da gangan na yi. Yanzu hannu ya soma rawa, jama'a kuma sun koma wa allunan da inji ke bugawa. Autata da mijinta suna da shagon buga irin waɗannan alluna kusa da tasha, inda nake zuwa in zauna in riƙa ba su shawarar da ba su nema ba.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Safana wurin ɗanta. Mu biyu muka rage cikin waɗanda aka haifa a gidanmu na bayan Wagini. Gidan ya daɗe da komawa ƙasa, gero ake nomawa a inda ɗakin Inna yake. Da na je gaishe ta bayan babbar sallah, na tarar yanar ido ta kusa rufe mata gani.

Ta ce, "Kullum kamar ana ƙara zuba mini nono a ciki. Ba abin da nake so in gani kafin ya rufe sai gidanmu. Ba kai ne ke cewa kai mai zane ne ba?"

Na ce, "Ba ni ke cewa ba, Yaya, jama'a ne suka shaida."

"To, jama'a su shaida wanga."

Na dawo da alkawari a wuya da hannu mai rawa. Autata ce ta ce in gwada manhajar zanen da suke aiki da ita, wai a can ko hannu ya karkace ana iya kama layi a miƙar da shi. Ta zaunar da ni, ta ɗora hannuna kan abin nan da ake ja a tebur, wanda nake kira linzami. Ta buɗe sabon fayil, sai wani ɗan akwati ya fito cike da tambayoyi kamar ɗan sandan hanya.

"Baba, kafin a ja layi ko ɗaya sai an gaya mata girman takarda. Faɗi nawa, tsawo nawa? Da santimita za a auna ko da inci? A tsaye ko a kwance?"

"Ke, gidan ubana za ki auna da santimita? Atamfa ce?"

"Takarda za a auna, Baba."

"Sa mata duk abin da ta ga dama."

"Ba ta da dama. Ba ta san komai ba sai an gaya mata."

Na ce to ashe ajinmu ɗaya. Ba ta yi dariya ba. Ta zaɓi girman babbar kalanda, a kwance, ta zaɓi launukan da inji ke ganewa, ta tambaye ni sunan da za a sa wa fayil ɗin. Na ce ta sa Gida. Sai wani farin fili mai kusurwa huɗu ya bayyana a tsakiyar allon kwamfutar, toka-toka ta kewaye shi.

Ta ce, "Farin nan shi ne shafi. Abin da ke cikinsa kaɗai inji ke bugawa. Tokar nan ta gefe wurin ajiye tarkace ce, kamar bayan ɗaki."

Na gyaɗa kai irin na tsofaffi, wanda ma'anarsa ita ce ki gama mu wuce.

Abin da ya kama ni shi ne wata 'yar taya da ke bayan linzamin. In ka murza ta gaba, zane ya taso ya zo har hancinka. Autata ta nuna mini bambanci. Ta kawo hoton wani mai shayi ta yi ta matso da shi, fuskarsa ta farfashe ta koma tsaki-tsaki kamar an ɓarza masara. Sannan ta ja layi ɗaya a manhajar, ta matso da shi sau ba adadi, bakinsa yana nan sumul kamar aska. Ta ce ita manhajar, hanyar da layi ya bi take riƙewa, daga nan zuwa can, ya lanƙwasa kaza. Na ce na gane, haka Bafulatani ke riƙe burtali a kansa, ko ciyawa ta rufe shi bai ɓace masa ba. Ta ce ba laifi, kusan haka ne. Daga bakin autata wannan yabo ne babba.

Da ta koma kan aikinta, sai na murza tayar baya. Farin shafin ya yi ta ƙanƙancewa har ya dawo kamar kwalin ashana, tokar kuwa ta yi ta buɗewa. Na murza, na ƙara murzawa, ban ga ƙarshenta ba. Duk rayuwata a kan allon da kafinta ya yanka nake aiki, harafin ƙarshe kullum a matse yake kamar fasinjan bayan direba. Yau ga fili ba iyaka, ba maƙwabci da zai ce na ci masa kunyar gona ɗaya. Na dubi ɗan farin nan da ke tsakiya, nan take na gane shi. Tsakar gidanmu ce. Haka take fari fes kowace safiya in Inna ta gama shara, har sawun tsintsiya kana gani jere-jere, kafin kaji su sauko, kafin ni in tashi.

Sai na fara gini a kewayenta. Zaure daga gabas, da dakalin da Babanmu ke zama yana tufka igiya. Ɗakin Inna daga arewa. Rumbuna uku, na ukun ya ɗan jingina kamar mai sauraren gulma. Turken jaki, rijiya da gugarta, tsamiyar da ke bayan danga. Da na ga fili bai ƙare ba, na fita waje. Na ja hanyar da ke zuwa Darini, na sa rafin da muke tonon ruwa a yashinsa da rani, na ɗora duwatsun da rana ke faɗawa bayansu. In na shiga shagon da hantsi, ban san lokaci ya tafi ba sai na ji kiran azahar. Injin wuta yana ta ruri a waje, 'yan acaba suna ta hon, ni kuwa ina can gindin tsamiya ina ƙidaya rassa, har ina jin tsaminta a dasashina.

Autata ta koya mini a raba zane hawa-hawa, kamar an jera tabarmi: ƙasa a hawa ɗaya, gine-gine a wani, itatuwa a wani, mutane da dabbobi a na sama. Kowane hawa yana da ɗan ido a gefensa. In ka taɓa idon ya rufe, abin da ke hawan ya ɓace, in ka sake taɓawa ya dawo. Wata rana na rufe idon hawan mutane. Baba ya tashi daga dakali, jaki ya bar turke, 'yan matan da ke bakin rijiya suka tafi da tulunansu. Gida ya yi tsit. Na daɗe ina kallo. Sannan na taɓa idon, kowa ya dawo inda na bar shi. Na yi haka ya fi sau goma a yinin nan, ban gaya wa kowa ba.

Tsakar gidan ce kaɗai na kasa taɓawa. Na so in sa Inna a ciki, fuskarta ta ƙi zuwa hannuna. Na so in sa kaji, sai in ji muryarta tana cewa wa ya ɓata mini shara. A ƙarshe turminta kawai na ajiye a tsakiya, baƙi, da taɓarya a jingine.

Cikin mako na uku autata ta leƙo ta kafaɗata.

"Baba, gidanka duk a waje yake."

"Gida ai da ma a waje ake gina shi."

"A wajen shafi nake nufi. In ka gama ka kira ni in tattara shi gaba ɗaya, in rage shi ya shiga ciki. Aikin minti biyu ne."

"Ba a rage gidan ubana."

"Ba abin da zai ragu, ai na nuna maka. Kai dai kada a buga ba na nan."

Na sake yin gyaɗa kan nan nawa.

Ran da na gama, ɗan Yaya ya kira ni a waya. Ya ce yanzu in mutum ya shigo ba ta gane shi sai ya yi magana, kuma kullum sai ta tambayi ko mai zanen zaki ya aiko. Na ce gani nan tafe yau. Autata kuwa ta tafi bikin suna a Tsaskiya, sai gobe. Mijinta ne kaɗai a shago.

To, ni da surukina shekararmu goma, amma in aka tara maganar da muka yi in ban da gaisuwa, ba za ta cika gwangwanin madara ba. Mutum ne mai kunya, yadda ake son suruki. In na shigo sai ya durƙusa, ya gaishe ni yana kallon takalmina, sannan ya tuna yana da aiki a waje. Ranar nan ba wajen gudu. Ya zauna gaban allo, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Baba, a buga?"

"A buga."

"Haka, Baba?"

Na ji kamar yana shakkar aikina ne, na ƙara wa murya nauyi. "Haka."

Daga baya autata ta gaya mini ya ga komai. Amma da wane baki zai ce wa uban matarsa aikin mako uku yana bayan ɗaki? Sai ya ce wa kansa wataƙila Baba yana da nufi. Ni kuma da inji ya fara ƙara, na juya fuskata titi, don bai dace dattijo ya tsaya kan inji gaban surukinsa yana leƙe kamar mai jiran ƙosai ba. Ya naɗe takardar, fuska a ciki, ya ɗaure da roba, ya miƙo mini da hannu biyu. Bai ce duba ba, ni ma ban duba ba. Muka rabu cikin mutunci.

Na hau bayan babur na riƙe naɗin a tsaye kamar sandar girma. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, iska tana kaɗa shi dama da hagu har inda ido ya tsaya. Duk hanya ina shirya yadda zan kama yatsan Yaya in bi da shi daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa tsamiya, in ce kin tuna ran da kika faɗo daga nan kika ce ni na girgiza reshe.

Na same ta a rumfa bayan la'asar. Matar ɗanta da maƙwabta biyu suka taru, don labari ya riga ni zuwa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na yi gyaran murya, na yi ɗan jawabi kan wahalar ilimin zamani da yadda ba kowa yake ba wa kai ba. Sannan na sa matar ɗanta ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka warware.

Fari. Fari fat daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiya turmi, girman tafin hannu, da taɓaryarsa.

Ɗaya daga maƙwabtan ta leƙa bayan takardar, ko a can aka yi zanen. Na fara bayani da sauri, cewa komai yana nan, zaure yana nan, rumbuna suna nan, sai dai suna wajen shafi, ita kwamfuta tana da wani wuri kamar bayan ɗaki.

Yaya ta ce, "Mi yake faɗi? Ku matso mini da shi."

Muka matsa har takardar ta kusa taɓa hancinta. Ta karkata kai, ta nemi gefen idon da ya rage mata. Ta ɗaga yatsa ya yi ta yawo a farin, har ya faɗa kan baƙin nan ya tsaya. Ta bi bakinsa a hankali, ta bi taɓaryar daga sama zuwa ƙasa.

"Turmin Inna ne."

Ta shafa farin da tafin hannunta, sannu-sannu, kamar mai gudun ta da ƙura.

"Ta gama shara ke nan. Zaure yana nan ta hannun dama. Ga ɗakinta can sama. Ba ta saki kaji ba tukuna." Yatsanta yana nuna iska a wajen takardar, kuma wallahi duk inda ta nuna, a nan na ajiye abin.

Ni kuwa da na ga ruwa ya kwanta, sai wuyana ya dawo da tsawonsa. Na gyara hula. Na ce, "Ai da ma haka na nufa, Yaya. Shi babban mai zane ya san abin da ake bari a waje."

Ba ta ko ɗago daga takardar ba.

"Rufe mana baki, ɗan aji huɗu. Tun da Inna ta haife ka, yau ce rana ta farko da ka bar mata tsakar gida da tsabta, ita ma ba da saninka ba."