Shekarar da Aka Sa Ranar Harbin Kaza

Ni mutum ne da Allah ya hore wa baki. A ƙauyenmu, can tsakanin Bukkuyum da Gummi, in na ce na ga kifi a gulbi sai a tambaye ni ko ya kai jaki, don an san ba na dawowa gida da ƙaramin kifi. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba, gishiri nake kiransa. Sau ɗaya ne gishirin ya yi yawa, kuma ba ni na sha miyar ba.

Cikin shekarun tamanin, ina da ƙuruciyata, sana'ata gyaran rediyo. Ina bin kasuwannin Anka da Bukkuyum da Gummi da jaka cike da waya da dalma da batir. Rabin rediyon da ake kawo mini ba abin da ke damunsu sai kyankyasai. Akwai wadda na zazzage a Anka, abin da ya fito daga cikinta ya isa a naɗa masa mai unguwa. Saboda sana'ar nan kullum akwai rediyo na magana kusa da kunnena, ni kuwa nake kai wa ƙauye labarin duniya, bayan shi ma na yi masa gyara.

Labarin duniya a shekarun nan ba daɗi. Amurka da Rasha kowa ya tara makamai masu linzami ya saita wa ɗan'uwansa, ana cewa guda ɗaya zai ƙone birni kafin mutum ya shanye ludayin kunu. Dattawa in sun ji sai su duba sama. Ga shi daminar da ta wuce ta yi mana rowa, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara.

Kawu yayan Inna ne, kuma shi ke faɗa wa unguwarmu ranar shuka. Da Kaza yake aiki, taurarin nan da ke cunkushe wuri ɗaya da ake kira Kaza da 'ya'yanta. Takan ɓace da bazara, sannan ta dawo ta gabas gab da asuba. Ko ruwa ya sauka, Kawu ba ya zuba iri sai ta dawo. Ya ce ruwan da ya riga Kaza mayaudari ne. In hadari ya rufe gabas, yana da tsakuwoyi a ƙoƙo, kullum yana cire ɗaya, ranar da suka ƙare ya san ta fito ko bai gan ta ba. A shekarar dami ɗaya na irin gero ya rage masa, yana rataye a rumbu, gidansa suna rage tuwo ba su taɓa shi ba. In ya shuka ya ƙone, babu na biyu.

Wata la'asar muna zaune gindin tsamiya na kunna wata rediyo da na gama gyarawa. Mai labarai ya ce sojojin Amurka za su harba wani tauraron ɗan Adam ranar Laraba, wanda zai riƙa hango makamai masu linzami tun suna tashi. Kunnen Kawu ya fara nauyi, kalma biyu kawai ya tsinta. Ya juyo gare ni.

"Kai ɗan nan, mi yac ce? Tauraro za su halbi?"

Mu nan wajenmu halbi muke cewa. Kuma tsakanin a harba abu sama da a harbi abu ya faɗo, wasali ɗaya ne tak. Na ga ƙofa a buɗe, na shiga da takalmina.

"Shi fa, Kawu. Sun ce ya tsare musu hanya."

"Wanne daga ciki?"

"Kaza," na ce. "Ita da 'ya'yan duka."

Aka yi dariya. Na ƙara da cewa bindigar ta fi hanyar Gummi zuwa Anka tsawo, sai mutum ya hau mota daga kunamarta zuwa bakinta. Aka sake dariya. Kawu bai yi ba. Ya tambayi Laraba kwana nawa ne, aka ce biyar, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Laraba ta zo ina Bukkuyum, rediyo ta ce an ɗage harbawar da mako guda saboda iska. Da na koma ƙauye Kawu ne ya fara tare ni a bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Na gaya masa an ɗage, har na ƙara cewa mai jan kunamar ne zazzaɓi ya kama. Ya ce to, shi ma ya ɗage.

Ban gane nufinsa ba sai da ruwa ya sauka, ruwa na gaske, wanda ya kwana yana yi ƙasa ta jiƙe har zira'i. Da safe magidanta suka taru ƙofar gidan Kawu da sungumi a kafaɗa. Tsakuwoyinsa sun ƙare tun shekaranjiya, kowa ya sani. Ya fito ya ce musu lissafin tsakuwa na Kazar da ke nan ne. Wadda aka sa wa ranar halbi ba a lissafa ta. Ya ce ba wanda ya san abin da damina za ta yi in Kaza ta faɗi, shi kuwa ba zai binne daminsa ɗaya a ƙasar da bai san makomarta ba. A jira Laraba.

Wasu suka saɓi sunguminsu suka wuce gona. Gida huɗu suka koma ciki, don tun kakanninsu ba su taɓa riga gidan Kawu shuka ba.

Laraba ta biyu aka ce an gano matsala a injin rokar da za ta kai shi sama, an ƙara kwana goma. A wannan karon ban ƙara gishiri ba. Kowace asuba gabas a rufe take da hadari baƙi ƙirin, ba ruwa, ba tauraro, sai iska mai ɗumi da ke sa awaki kuka. A masallaci aka daina yi wa Kawu dariya. Wani ya ce ai dama mutanen da suka taka wata ba abin da ba za su iya ba.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa yayanta gani, ba ya ganin Kaza ko sama ta yi tas. Yakan fita da asuba ya fuskanci gabas don mutane, amma da tsakuwa yake aiki, da kuma yardar cewa tana nan inda ya bar ta. Ta ce yardar nan ce na ɗauke, in je in mayar.

Na same shi a zaure yana murza igiya. Na durƙusa na ce wasa nake, ba wanda zai harbi Kaza, wani ƙarfe ne suka ƙera za su cilla sama. Ya ce in wasa ne me ya sa suke ta sa rana. Na ɗauko rediyo na kanga masa a kunne, muka jira labarai. Mai labaran, Allah ya yafe masa, ya ce har yanzu ana shirin harba tauraron ɗan Adam ɗin.

"Kun ji, Kawu? Na ɗan Adam. Wanda mutum ya ƙera."

"Mutum ya ƙera tauraro," in ji shi, yana ci gaba da murzarsa. "Wagga ita ta babbar ƙaryar da ka taɓa yi. Tauraron ɗan Adam shi na wanda ɗan Adam ka ci da shi. In ba Kaza ba, wanne?"

Na rantse masa na gan ta da idona a Gummi da asuba, ita da 'ya'yanta, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Gaskiya ne, na gan ta. Ya tambaye ni ko ta kai jaki.

Kwana goman suka cika ina Anka. Ban taɓa zaton zan yi wa sojan wata ƙasa addu'ar gama aiki da wuri ba, amma ranar na yi, har da ƙari. Rediyo biyar na kunna a rumfa lokaci ɗaya, duk suka faɗi abu guda: an sake ɗagewa, kuma ba a sa rana ba. Na zauna ina kallon masu wucewa. A hanyata ta zuwa na ga geron mutane ya isa ɓoye kaza, ta ƙasa, mai ƙafa biyu. Gonar Kawu da gonaki huɗu suna kwance jajir, ciyawa ta fara cin su.

Tunda gaskiya ta ƙi shiga, na koma ga abin da na iya. Na bar kayana wurin wani mai shayi, na hau motar hatsi, na sauka a mararraba na ƙarasa da gudu don in iso ina haki. Na ce wa Kawu an halba, jiya da hantsi. Ƙarar ta fasa tukwane a ƙasashe bakwai, mai jan kunamar ya kurmance, amma sun kuskure. Harsashin ya bi ta ƙarƙashin fiffikenta ya wuce, ko gashi bai cire ba. Ya tambayi 'ya'yan. Na ce sun watse don tsoro, amma ta tattaro su, an ƙirga sun cika.

Sai ya aika a sauko da damin.

Washegari muka shuka, ni ma na riƙe sungumi har tafina ya yi kanta. Gero ya fito kyakkyawa, kore shar, har na fara shirya yadda zan ba da labarin a kasuwa. Sai ruwa ya ɗauke da wuri. Waɗanda suka riga shuka suka sami rabin abin da suka saba. Na Kawu ya fitar da kai ya tsaya, in ka murza zangarniya a tafi ka hura, ba abin da ke saura. 'Ya'yansa maza biyu suka tafi cin rani tun ba a gama girbin mutane ba, ɗaya bai sake zama a ƙauye ba. Duk ranin nan Inna na auna hatsi daga rumbunmu tana aikawa gidan yayanta cikin ƙwarya a rufe, ba ta taɓa dubana ba in tana aunawa.

Kawu bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ya ce ƙarar bindigar ce ta kori hadari. Da damina ta zagayo ba wanda ya zo ƙofar gidansa da sungumi, gidaje huɗun ma suka shuka da ruwan farko. Ƙoƙon tsakuwar na gani a gindin randa, ana shan ruwa da shi.

An harba abin daga baya, bayan watanni. Jimla ɗaya aka yi masa a ƙarshen labarai, ina Gummi ina gyaran rediyon wani masunci. Ban kai wa kowa labarin ba.

Wata rana da rani mun fito sallar magariba, sama ta fara duhu, wani makiyayi maƙwabcinmu ya nuna sama da sandarsa. Wani ɗan haske ne kamar tauraro, amma yana tafiya, a hankali, ba ƙara, ba ƙiftawa, ya miƙe kamar wanda ya san inda za shi. Muka tsaya muna binsa da ido. Kawu ya tambayi abin da ake kallo, aka gaya masa. Ya tambayi ina ya dosa, aka ce gabas.

"Harsashin nan ne da yak kuskure," in ji shi. "Bai faɗo ba. Yana ta biɗarta."

Ba wanda ya yi dariya. Ya laluba ya kama hannun rigata.

"Kai mai rediyo, sun sa wata rana?"

"Ban ji ba, Kawu."

Ya gyaɗa kai yadda yake yi in na ce na ga kifi, ya saki rigar, ya juya fuskarsa gabas.