Katifar da Na Saya wa Auta a Waya

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da sauran masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina taɓe baki, ina cewa yaya mutum da hankalinsa zai tafka irin wannan wauta. To yau ga ni a layi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tasawa, ina da albashina, ina da babbar waya, ina kuma da girman kan da ya fi su duka. Mu ƴan wani ƙauye ne a yankin Kona, kuma ni kaɗai ce na yi boko mai nisa a gidanmu, saboda haka in na yi magana ko Baba sai dai ya gyaɗa kai. Ina cikin wani guruf na mata masu sayar da kaya a waya. Ki ga hoto, ki tura kuɗi, a sako miki koli, wato ƙunshin kayan, a mota, ɗan kabu-kabu ya kawo miki har ƙofar gida. Ba zan yi butulci ba, abin ya yi mini rana. Na sayi atamfa, na sayi takalma, na sayi fitila mai caji da rana, duk ba tare da na sha zafin hanyar Maraɗi ko na biya kuɗin mota ba. Daga nan sai na fara yi wa masu zuwa kasuwa kallon mutanen da.

Auren ƙanwata, autar gidanmu, ya zo a shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka. A wajenmu ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, rumbun Baba ko rabi bai yi ba, kaya kuma suka yi tashin gwauron zabo. Auta yarinya ce mai kunya da tsafta, irin wadda ke wanke kwano ta sake wankewa. Wanda za ta aura tela ne daga wajen Atantane a ƙasar Mayahi, suna son juna, babu wanda ya matsa wa wani. Inna ta sayar da jajayen awakinta don a yi mata katifa ta kirki, ta ce ko ba a samu komai ba kada a ce ƴarta ta kwana a ƙasa. A al'adarmu gwaggwanni ne ke zuwa kasuwa sayen katifar amarya. Su zauna a kai, su danna da gwiwa, su sunsuna, su yi ciniki har mai kaya ya gaji. Gwaggo, yayar Baba, har ta sa ranar kasuwar da za ta je. Ni kuwa na ce a bar wannan wahala, da wannan kuɗi katifar kasuwa sai mai kaurin faifai, amma na ga wata a waya mai kauri har gwiwa, kuma farashinta bai kai ba. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin an sayi abin kwanciya ba a taɓa shi ba. Na yi dariya na ce zamani ya wuce nan. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Matar da ke sayarwa ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani, mai zaƙi kamar an jiƙa ta a zuma. Tana ta ce mini hajiyata, ƴar uwata, ta rantse da Allah kayan kamfani ne fil a leda. Katifa ta iso tasha, mai amalanke ya kawo ta gida, yara na biye da shi. Kyakkyawa ce, wallahi, yadi mai furanni ja da ruwan zinariya, an nannaɗe ta da leda mai kauri an liƙe ko'ina. Da aka zo ɗaga ta sai da maza biyu suka yi nishi. Na ce ai nauyi shi ne inganci. Kun dai san mu, ba a cire wa katifar amarya leda. Ledar ita ce shaidar sabuwa ce, a bar ta ƴan ganin ɗaki su gani, wata ma sai ta yage don kanta. Haka aka ɗauke ta aka kai Atantane ranar jere, mata suna shafa ledar suna sa albarka, ni kuma ina gefe ina fasa kai, ina nuna musu hoton a waya.

Da sanyi babu abin da ya faru. Da bazara ta shigo, zafi ya yi zafi, ledar ta fara manne wa jiki, sai Auta ta cire ta. Daga nan ɗakin ya ɗauki zarni. Ta wanke zanen gado, ta share, ta yi turare, zarni na nan. Jikinta ya fara fitar da ƙuraje, na mijin ma haka, har ya koma shimfiɗa tabarma a waje ya ce zafi ne. Uwar mijin ba muguwa ba ce, ta shiga ɗakin ta ji abin da ta ji, ta ja yarinyar gefe ta tambaye ta a hankali ko tana da wata lalura da aka ɓoye musu. Auta ta ce babu. Sai ta yi abin da kowace mace mai tsafta za ta yi, ta ja katifar ta jingina ta a rana. To a ƙauye wa ke shanya katifa da safe? Matan gida suka gani, maƙwabta suka hango ta saman darni. Kafin sati ya zagayo magana ta kai bakin rijiya cewa amaryar tela fitsarin kwance take yi.

Auta ta kira ni tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ce Yaya ɗakina wari yake, na rasa daga ina. A nan ne laifina na gaske yake, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin wannan guruf na riga na ga wata mata ta rubuta cewa katifar da aka aiko mata tana wari, kafin a ce me an goge saƙon an fitar da ita. Na gani da idona. Da Auta ta yi magana na ga biri ya yi kama da mutum. Amma sai na tuna dariyar da na yi wa Gwaggo, na tuna awakin Inna, na tuna yadda na riƙa nuna hoto ranar jere. Sai na rufe ta da faɗa. Na ce ta dage da tsafta, aure ba wasa ba ne, kada ta ja mana abin kunya. Don ƙarin rashin ta ido, na sake shiga wayar na yi mata odar turaren wuta aka kai mata. Har yau in na tuna wannan turare sai in ji na tsani kaina.

Abin da ban sani ba shi ne yarinyar ta fara yarda da maganar mutane. Uwar miji ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, yayarta mai ilimi ma ta ce laifinta ne, to ita wace ce da za ta musa? Ta ɗauka tana yi ne cikin barci ya bushe kafin safiya saboda zafi. Sai ta daina shan ruwa daga azahar. A bazarar Mayahi, a shekarar da ake bin layin rijiya tun asuba, ita ce ke ɗebo ruwan ta cika randa, ta kuma hana kanta. Aka yi mata rubutu, aka jiƙa mata saiwoyi, ta sha da safe kawai. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi tana daka. Bayan an duba ta a gidan likita, mijin ya ɗauko ta a babur ya kawo ta gida, kansa a ƙasa, ya ce wa Baba ta ɗan huta tukuna. Kowa ya san ma'anar wannan hutu.

Na zo ƙauye na same ta ta rame, leɓɓanta sun tsage, ƙurajen sun yi baƙi a hannuwanta. Inna ta miƙa mata fura da la'asar ta kau da kai. Muka kwana tabarma ɗaya. Da gari ya waye, kafin ta ko gaishe ni, sai na ga tana shafa tabarmar da tafin hannu, ta sunsuna zanenta, sannan ta ce in taimaka in duba mata, don ita ta daina yarda da hancinta. Tabarma a bushe ƙarau. Washegari ma haka ta yi. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na tafi gidan Gwaggo na durƙusa na faɗa mata duk abin da na sani. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi in tashi mu nemi mota, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da muka isa Atantane muka gaisa da uwar mijin, Gwaggo ta roƙe ta ta kira matan gida da na maƙwabta. Aka jawo katifar tsakar gida, da hantsi, kowa na gani. Ni na karɓi wuƙa na farke yadin mai furanni da hannuna. Ku gafarce ni, masu karatu, in kuna cin abinci ku ajiye. Soso sabo a ciki bai fi kaurin yatsa ba, an shimfiɗa shi sama da ƙasa don yaudara. Tsakiyar kuwa guntayen tsofaffin katifu ne da aka tsinto a juji, baƙaƙe da rawaya, kowanne da taswirar fitsarin wani. Akwai tsummokara, akwai tsohon ƙunzugun jarirai, akwai auduga da bandeji masu busasshen jini, akwai gashin kai a dunƙule. An danna su an matse an ɗinke. Kuɗin cizo suka riƙa fitowa suna bazuwa a ƙasa kamar an zubar da riɗi. Warin da ya tashi ya sa mata suka toshe hanci da mayafi, wata mai ciki ta juya ta yi amai a gindin darni, ni ma ban tsira ba. A kan wannan ƙazanta ƙanwata ta yi amarcinta. A kanta ta riƙa kifa fuska tana kuka tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba.

Na tsaya a gaban matan na ce ni na saya, a waya na saya, ban taɓa ba, ban sunsuna ba, kuma na ji ƙishin-ƙishin na yi shiru. Uwar mijin ta zauna a turmi ta riƙe kai tana salati, ta ce sun ɗauki alhakin yarinya. Mijin ya zo daga shago ya leƙa, ya jawo abin da igiya har bayan gari ya cinna mata wuta. Hayaƙin ma baƙi ne mai ɗoyi. Matar mai zaƙin murya kuwa, ina tura mata hoto ta toshe ni, aka fitar da ni daga guruf. Daga baya na ji muryar nan tata a wani guruf da wani suna, tana rantsuwa da Allah kayan kamfani ne fil a leda. Tir da wannan nema. Mutum ya bi juji yana tsintar abin da marasa lafiya suka kwanta a kai, ya lulluɓe da furanni, ya sayar wa amare a shekarar yunwa, ya kuma iya cin tuwo da kuɗin.

Mijin ya zo biko da kawunsa, suka ba da haƙuri, Auta ta koma ɗakinta. Na saya mata wata katifar, wannan karon ni da Gwaggo muka je kasuwa, na tsaya ta zauna a kai ta danna ta sunsuna, na kuma yage ledar a gaban mai kaya. Amma magana zarar bunu ce. Waɗanda suka ji labarin fitsari sun ninka waɗanda suka ga an farke katifa, kuma har yau akwai masu yi mata wani kallo a gidan biki. Auta ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Da na nemi gafararta cewa ta yi ai Yaya alheri kika yi nufi, kuma wannan magana ta fi mari zafi.

Ban ce kowa ya daina sayayya a waya ba, ni ma ban daina gaba ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma araha ba ta ado, kuma hoto ba ya wari. Duk abin da za a ci, ko a shafa, ko a kwanta a kai, ƴan uwana mata, ku buɗe shi a gaban wanda ya kawo, ku taɓa, ku sunsuna, kunyar yage leda ba ta kai kunyar da ke cikinta ba. Wanda ya fi wannan, in kin yi kuskure wani na shan wahalarsa, ki buɗe baki tun da wuri. Katifar ba ni na cusa mata ƙazanta ba, amma shirun nawa ne, kuma shi ya hana ƙanwata ruwa a tsakiyar bazara.

Yanzu Auta tana da ɗa namiji. Kwanan baya na je ganinsu, na tarar yaron ya jiƙa shimfiɗa kamar yadda kowane jariri ke yi. Rana na nan tsakar gida tana dukan ƙasa, igiyar shanya babu komai a kai. Ita kuwa ta wanke zanen ta rataye shi a cikin ɗaki, bayan ƙofa, inda ba mai gani.