Na Ga Aibi A Jirgin Surukina, Kunya Ta Hana Ni Faɗa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina aikin gyaran famfo a wani babban gini a Parkchester, nan Bronx a birnin New York, ina zaune da matata a ɗaki da falo. Bakatsine ne ni, kuma tarbiyyar da na taso da ita ita ce suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, balle a ce masa ya yi kuskure. Ina ji da wannan hali nawa ƙwarai. Har gori nake yi wa abokaina da suka daɗe a Amurka, masu miƙa wa surukansu hannu a tsaye kamar sa'o'insu, ina cewa sanyi ya cinye musu kunya. Halin nan da nake taƙama da shi ya kusa kashe mutum uku, har da ni.

Surukina mutumin zangon Takoradi ne a Ghana. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a manyan jiragen ruwa na kaya, daga baya ya zo New York ya yi shekaru yana tuƙa tasi. Bayan rasuwar matarsa sai ya ajiye tasi, ya sayi wani tsohon jirgin ruwa, irin mai doguwar sanda a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi. Jirgin ya girmi matata. Yana jingine a kan ƙarafa a wani filin ajiye jirage a City Island, fentinsa ya kwaile, cikinsa sai warin ruma. Niyyar Baba, wato surukin nawa, ita ce ya gyara shi ya koma ciki da zama, in ya gama gwada shi ya tsallaka teku da shi har gida. Mutanen masallacinsu a Morrisania sun yi masa dariya son ransu, wasu na cewa tsufa ne ya zo masa ta ruwa. Shi ko a jikinsa. Shekara uku yana wannan aiki, ya sake katakon ciki, ya yi gado da madafi da wurin salla, ya sa tankin ruwan sha, ya ɗinka sabon ƙyalle. Duk Asabar ina zuwa in taya shi, in riƙe tsani, in goge fenti, kaina a sunkuye.

A ƙasan irin wannan jirgi akwai rami da aka huda da gangan, inda ruwan teku ke shiga ta bututu ya sanyaya inji. A bakin ramin ake ɗaura bawul, don a buɗe ko a rufe. Wata Asabar na tarar Baba ya cire tsohon bawul ɗin da ya ci tsatsa, ya ɗaura sabo da ya saya a shagon kayan gini. Kallo ɗaya na yi masa na ga aibin. Bawul ne na famfon gida, haƙoransa ba irin na bututun jirgin ba ne, zagaye biyu ko uku kawai ya kama ya cije. Ga ido ya ɗauru tamau, amma duk mai sana'ata ya san abu mai nauyi na bugunsa zai fita. Baba ya san iska da igiya da sitiyari, aikinsa ke nan a jiragen da ya yi, amma bututu ba fanninsa ba ne. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da jin daɗi, ya tambaye ni ko aiki ya yi. Ga mai filin da wasu Turawa biyu a tsaye kusa da mu. Na dubi ƙasa na ce ya yi kyau, Allah Ya ƙara basira.

Na ce a raina zan sami lokacin da muke mu biyu in faɗa masa. Lokacin ya zo ya fi sau goma, kullum sai harshena ya yi nauyi. Na sayi bawul ɗin da ya dace na ajiye a but ɗin motata, da tunanin in canja shi a ɓoye, sai ga shi an riga an saka jirgin a ruwa, kuma ba a canja wannan abu sai an sake ɗaga jirgi sama. Ɗagawa kuwa sai da dalili, dalilin kuma shi ne abin da na kasa furtawa. Baba ya saki ɗakinsa na haya ya tare a jirgin. Duk wannan bazara dattijon nan yana kwana a kan ramin da haƙora uku ke riƙe da shi, ni kuma ina yawo da maganin abin a bayan mota. Matata ma rabin gaskiya na gaya mata. Na ce ta riƙa tuna wa Baba ya rufe bawul in zai kwanta. Ta yi dariya ta ce mutumin da ya yi shekaru a teku ne mai gyaran bayan gida zai koya wa ruwa? Na yi dariya ni ma, don na san in na faɗa mata duka za ta kai masa, ya ji cewa surukinsa yana kushe aikinsa a bayan ido.

Da sanyi ya fara shigowa, cikin watan Oktoba, Baba ya ce zai fita gwaji mai ɗan nisa, yana son 'yarsa da mijinta su raka shi. Ni da matata babu wanda ya iya iyo. Na so in kawo uzuri, amma na ga in na ƙi zuwa ita za ta je, sai na bi. Mun fita da hantsi, rana tas, iska mai ƙarfi. Baba na riƙe da sitiyari yana ta ba 'yarsa labarin tashoshin da zai tsaya, ni kuwa hankalina duk yana ƙarƙashin ƙafafuna. Bayan azahar, mun yi nisa har gine-gine sun zama ƙanana, wani jirgin dakon kaya ya wuce ta gefenmu. Igiyar ruwan da ya taso ta ɗaga mu ta buga, jirgin ya kwanta gefe ɗaya, na ji wani abu mai nauyi ya gangara a ciki ya daki wani abu. Daga baya muka gane akwatin kayan aikin Baba ne. Matata ta sauka ɗauko mana abinci, sai muka ji ta kira babanta da wata irin murya, tana cewa ruwa ya kai mata idon sawu.

Nan ne wurin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Baba ya ba ni sitiyari ya sauka da sauri. Ya ce tankin ruwan sha ne ya fashe, ya shiga ɗage katakon gaba yana dubawa, alhali ramin yana baya, ƙarƙashin inji. Ina tsaye a sama ina kallonsa ta ƙofa, na san inda ruwan yake shigowa kamar yadda na san sunana, amma na yi shiru. Ina jira ya gano da kansa. Ban san minti nawa na ɓata a haka ba, na dai ga ruwan ya haura ƙwaurin matata, tabarmar sallar Baba da takalmansa suna yawo a kai. Famfon da ke kwashe ruwa ya yi ƙara ya mutu, fitilun ciki suka ɗauke. Matata ta ɗago ta dube ni, rigar hana nutsewar da ta sa ma ba ta ɗaure daidai ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga matata za ta mutu a gabana saboda ina jin nauyin babanta.

Na saki sitiyari na dira ciki. Na daka wa surukina tsawa na ce ya matsa ya ba ni wuri, ya hau sama ya kira agaji, ba tanki ba ne. Mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, har ture shi na yi da kafaɗa. Na kwanta cikin ruwan, sanyinsa kamar ana yanka ni da reza, na cusa hannu ƙarƙashin inji ina lalube. Bawul ɗin ya fita fit, ruwa na bulbulowa da ƙarfin da yake ture tafin hannuna. Na ce wa matata ta miƙo mini duk wani abu na katako. Ta fizgo muciyar da Baba ke tuƙa tuwo da ita, na naɗe ƙotar da ɗankwalinta, na cusa a ramin na danne da duk ƙarfina. Ruwan ya ragu amma bai tsaya ba, kuma da na sassauta sai muciyar ta nemi fita. Haka na zauna a durƙushe, ruwa har ƙirji, haɓata a kan inji. Baba ya yi kira da ƙaramin rediyon hannu, ya sauke ƙyalle, ya dawo ya kama bokiti. Dattijo mai shekara saba'in yana tsaye cikin ruwan sanyi yana ɗiba yana miƙa wa 'yarsa tana zubarwa, babu mai magana sai salati. Hannuna ya mutu, na daina jin yatsuna, na koma danne muciyar da gwiwa. Fiye da awa ɗaya muka yi kafin masu ceto su iso da babban famfo su ja mu zuwa gaɓa.

Mun tsira da rai, amma jirgin bai sake moruwa ba. Ruwan gishiri ya cinye inji da wayoyi da duk katakon da Baba ya yi shekara uku yana ƙerawa. Shi kuma sanyin ya shiga ƙirjinsa, ya yi makonni a asibiti, ya fito da numfashin da bai sake komawa daidai ba. Likita ya ce maganar teku ta ƙare. Ya dawo gidanmu, muka ba shi ɗaki muka koma falo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya nuna ni ya ce ga wanda ya cece su, Allah Ya ba shi suruki na gari. Mutane na shi mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata ce ta fara zargin akwai wani abu a ƙasa. Wata rana tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba, ta tambaye ni yadda aka yi na nufi wurin kai tsaye cikin duhu ban duba ko'ina ba. Na gaya mata. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta ce ba ita zan ba haƙuri ba.

Na shiga wurin Baba bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya saurare ni yana jan carbi. Sannan ya tambaye ni tun yaushe na sani, na ce tun ranar da ya ɗaura. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi a jiragen da ya yi aiki, ko mai shara ne ya ga ruwa yana shigowa, kyaftin yake tayarwa daga barci, kuma gode masa ake yi. Ya ce da na kunyata shi gaban mai filin nan da Turawan nan, da fushinsa bai wuce na kwana ɗaya ba, kuma da yanzu yana da jirginsa. Ya ce ya yafe mini. Bayan wata biyar muka raka shi filin jirgin sama da akwati biyu, aka tura shi a keken marasa lafiya. Mutumin da ya yi niyyar shiga garinsu da jirginsa, yana riƙe da sitiyari, haka ya koma.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ladabi ne ya rufe mini baki. Yanzu na san ba mutuncin Baba nake karewa ba, sunana na yaron kirki nake karewa, kuma shi ya biya da lafiyarsa da burinsa. Har yau ina durƙusa wa manya, ban kuma ce kowa ya daina ba. Amma 'yan'uwana masu sana'a, makaniki ne kai ko nas ko mai haɗa wuta, in babba ya yi kuskure a abin da ka fi shi sani, kuma ka san rai na iya salwanta, ka durƙusa ɗin, ka sunkuyar da kai, ka faɗa masa a ranar. Ni na jira sai da ruwa ya kai gwiwa, kuma a ƙarshe tsawar da na yi wa surukina ta fi maganar da na ƙi faɗa muni nesa ba kusa ba.