Layin da na goge a taswirar Baba

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Morris Heights a Bronx, ni da yayata, da taswirar Baba a cikin kwali ƙarƙashin rigar sanyina. Baba bai sani ba. Tsohuwar taswirar Afirka ta Yamma ce da ya gada daga kakansa, wani farke mai fataucin goro, kuma duk Sallah sai ya baje ta wa jikoki. Ni kuwa da karambanina na sa jiƙaƙƙen tsumma zan goge mata ƙura. Wani siririn layi da ya taso daga Kano ya bi tsumman.

Muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ana yayyafi. Duk mai jiƙaƙƙiyar lema da ya matso, sai in ƙara rungume kwalin. Yayata kuwa ƙosai take ci abinta, tana cewa wanda ya ɗebo da zafi bakinsa.

A unguwar Flatbush muka sami dattijuwar da ke gyaran tsofaffin takardu. Ta ce a da, a farantin tagulla ake sassaƙa taswira a buga ta da baƙi, sannan a bi kowace ɗaya da buroshi a shafa launi da hannu. Shi ya sa ba biyu da suke daidai. Koren taswirar da ya ɗan dusashe, ta ce gyaransa mai sauƙi ne.

Sai ta ɗora madubin ƙara girma a kan ragowar layin. Ta ce ba na maɗaba'a ba ne, wani ne ya ja shi daga baya. Nan na gane tawadar allo ce, wadda dama don a wanke ake yin ta. Hanyar fataucin kakan Baba na goge. Dattijuwar ta ce ba za ta zana hanyar da ba ta sani ba.

Wallahi a tsorace na dawo Bronx. Na durƙusa na faɗa wa Baba komai.

Ya daɗe yana duban gurbin. Sannan ya ce, "Ɗauko takarda. Yawuri, Nikki, Yandi, Salaga. Rubuta, tun ina da rai."

Shekara talatin ina ganin layin nan, ban taɓa tambayar inda ya bi ba sai da na goge shi.